Tambaya da Amsa: Jinya a Gida, Aiki Kuma na Jira

Wasiƙun da muka zaɓa a wannan fitowar duk kan abu guda suke, wato yadda mutum zai yi jinyar mahaifi ko mahaifiyar da ta gamu da shanyewar ɓarin jiki ba tare da aikinsa ya kuɓuce masa ba. Ma'aikaciyar jinya da likitan fisiyo (mai kula da motsa gaɓɓan mara lafiya) da wani jami'in sashen kula da ma'aikata ne suka haɗu suka ba da amsa.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikacin gwamnatin tarayya ne a Kaduna, ina mataki na 9. Mahaifinmu ya samu shanyewar ɓarin jiki, an kwantar da shi a asibitin koyarwa na Shika. Na faɗa wa shugabana, ya ce in je ba komai, yau sati biyu ke nan ban leƙa ofis ba. Akwai hutun jinya da doka ta ba ni?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah Ya ba Baba lafiya, Ya sa kaffara ne. Abu na farko, ɗan'uwa, gobe da safe ka rubuta takarda. "Je ka, ba komai" kalma ce ta mutunci, amma ba ta cikin fayil ɗinka. Ranar da aka canza wa shugaban naka wurin aiki, ko masu binciken rajistar zuwa aiki suka zo, abin da za su gani shi ne sati biyu babu sa hannunka, kuma a ƙa'idojin aikin gwamnati rashin zuwa aiki ba da izini ba babban laifi ne da kan jawo takardar tuhuma, har ya kai ga dakatar da albashi ko kora.

Babu wani hutu a dokar ƙwadago ta Najeriya da aka ware wa mai jinyar iyayensa. Hutun rashin lafiya na kwanakin aiki 12 a shekara da dokar ta ambata na ma'aikacin ne shi kansa idan ya kwanta, kuma sai da takardar likita. Kada ka yarda wani ya rubuta maka takardar cewa kai ne ba ka da lafiya. Idan ta tonu, laifin ya fi na rashin zuwa aikin girma.

Abin da kake da shi uku ne. Akwai hutun uzuri na 'yan kwanaki, wanda aka fi sani da kajuwal, shi ne na ranakun farko. Akwai hutun shekara, wanda ga ma'aikacin tarayya daga mataki na 7 zuwa sama kwana 30 ne. Sai hutu ba albashi, wanda ba mu ba ka shawarar ka taɓa shi ba sai idan babu makawa. Ka rubuta wa shugaban sashenka, ka faɗi ranar da abin ya faru, ka roƙi a lissafa kwanakin da ka riga ka yi a cikin hutunka na shekara, ka haɗa da takarda daga likitan da ke duba Baba mai nuna an kwantar da shi. Ba dole ba ne takardar ta bayyana dukkan sirrin cutarsa. Ka yi kwafi biyu, a buga maka hatimin karɓa a ɗaya ka ajiye.

Sai dai kada ka cinye hutun gaba ɗaya yanzu. Kuskuren da mutane suka fi yi ke nan. Yayin da Baba yake asibiti akwai nas, akwai likita, akwai 'yan'uwa da ke ta zuwa dubiya. Ranar da aka sallame shi ce aikin gaske yake farawa, kuma a lokacin ne jama'a suke watsewa. Ka roƙi a raba maka hutun kashi biyu, ka ajiye akalla kwana goma domin makon sallama da ranakun komawa asibiti. A yanzu, abin da ya fi buƙatar kasancewarka shi ne lokacin zagayen likitoci da safe, domin a nan ake yanke shawarar gwaji da magani da sallama. Ka tambayi nas ɗin ɗakin wace rana babban likita yake zagayawa, ka tsara zuwanka a kanta, sauran ranakun wani ɗan'uwan ya zauna da littafi yana rubuta abin da aka ce. Kafin ka bar ofis kuma ka rubuta wa wanda zai riƙe maka aiki takardar miƙa aiki: fayilolin da ke hannunka, wanne ne ke da wa'adi, da sa'ar da za a iya samunka a waya. Shugaban da ya ga aiki bai tsaya ba ya fi saurin sa hannu a buƙata ta biyu.

Tambaya: Ni malamar firamare ce a Kano. Za a sallami Hajiyarmu cikin makon nan, ɓarinta na dama ba ya motsi, maganarta ma ba ta fita sosai. Ina fita kafin ƙarfe bakwai da rabi, ba na dawowa sai wajen biyu. 'Yar yayata mai shekara 19 ce za ta zauna da ita. Me ya kamata mu sani?

Amsa: Malama, Allah Ya saka miki da alheri. Awa shida ko bakwai da ba kya nan ba za su cutar da Hajiya ba idan yarinyar ta iya abu uku: juyi, ciyarwa, da ɗagawa. Kada ku bar asibiti sai nas da likitan fisiyo sun nuna muku su a jikin Hajiya, ke da yarinyar kun yi da hannunku suna kallo. Ku ɗauki bidiyonsa a waya idan sun yarda.

Juyi shi ne na farko. Wanda ba ya iya motsa kansa, nauyin jikinsa yana danne fata a kan ƙashi har jini ya daina isa wurin, fatar ta mutu, gyambon kwanciya ya buɗe. Wuraren da yake fitowa sanannu ne: ƙashin gindin baya, gefen ƙugu, diddige, idon sawu, allon kafaɗa da ƙeya. Ana juya mara lafiya duk bayan awa biyu, dare da rana. Ke ki juya ta kafin ki fita, yarinyar ta yi da tara, da sha ɗaya, da ɗaya. Ki manna takarda a bango da sa'o'in a jere, a riƙa sa alama, a kuma saita ƙararrawar waya. Idan an kwantar da ita a gefe, kada a ɗora ta cak a kan ƙashin ƙugu. A kishingiɗar da ita kaɗan, a tokare bayanta da matashi, a sa wani tsakanin gwiwoyinta. Idan tana rigingine, a sa matashi ƙarƙashin sha-raɓarta yadda diddigen zai yi lilo bai taɓa katifa ba.

Littattafai sukan ce a duba ko fata ta yi ja, amma a fatarmu sau da yawa ba ja ake gani ba. Wurin yakan yi duhu fiye da kewayensa, ko ya yi ɗumi, ko tauri, ko sheƙi. Ki duba da fitila kowace safiya lokacin wanka. Idan kin ga haka kuma bai koma daidai ba bayan rabin awa da ɗauke nauyi daga kansa, kada a sake kwantar da ita a wurin, kada a murza shi, kada a gasa da ruwan zafi, a nuna wa ma'aikacin lafiya. Ɓarin da ya shanye ba ya jin zafi yadda ya kamata, shi ya sa ake samun ƙuna a wurin masu gashi da tsumma ko kwalbar ruwan zafi ba tare da mara lafiyar ta ce uffan ba. Zanen gado ya zama a miƙe, ba ƙulli, ba ɓurɓushin abinci, kuma da zarar famfas ya jiƙe a canza, a wanke, a tsane da tawul, a shafa man kare fata. Katifar iska mai aiki da lantarki tana taimakawa, amma ba ta ɗauke juyi, balle a inda wuta ba ta tsayawa.

Ciyarwa ita ce ta fi haɗari, domin wannan cuta takan raunana haɗiya, abinci ko ruwa ya bi hanyar iska ya sauka a huhu ya zama ciwon nimoniya. Ki tambayi likita kai tsaye: an gwada haɗiyarta? Me za ta iya ci? Ba a ba ta komai tana kwance ko tana gyangyaɗi. A zaunar da ita sosai, kanta ya ɗan sunkuya gaba, a ba ta da ƙaramin cokali ta ɓangaren bakin da ke da lafiya, a jira ta haɗiye kafin a ƙara. Ruwa tsinkakke ya fi saurin shaƙe mutum fiye da abu mai kauri, don haka kunu ko koko mai kauri, fate, dankalin da aka dama, da tuwo mai laushi da miyar kuka ko kuɓewa sun fi sauƙi fiye da shayi, shinkafa mai warwara ko gyaɗa. Alamun cewa abu yana bin hanyar iska su ne tari lokacin ci, hawaye, ko murya ta koma kamar mai kurkure baki. Idan an ga haka a tsaya. Bayan ci ta zauna rabin awa kafin a kwantar da ita, a duba cikin kumatun dama, domin abinci yakan maƙale a can ba ta sani ba, sannan a goge baki da haƙora. Idan likita ya ce sai an sa robar hanci da ake ba da abinci ta cikinta, kada dangi su hana don tausayi. Sau da yawa ta ɗan lokaci ce, kuma ta fi shaƙewa sauƙi nesa ba kusa ba. Shawararmu ita ce manyan abinci biyu su faɗo lokacin da kike gida, na safe kafin ki fita da na rana bayan kin dawo, yarinyar ta ba da abu mara wahala a tsakani.

Ɗagawa kuma, doka guda ce babba: ba a jan hannun da ya shanye. Tsokar da ke riƙe kafaɗa ta saki, jan hannun yakan zame ƙashin daga gurbinsa, ya bar ciwon da zai hana motsa jiki wata da watanni. Ana riƙe ta ne ta allon kafaɗa da ƙugu. Idan za a matsar da ita sama a gado, mutum biyu su kama zanen da ke ƙarƙashinta. Idan tana zaune, a ɗora hannun a kan matashi, kada ya riƙa reto.

Kada a bar ta a gado wuni guda. Da zarar likita ya yarda, a riƙa zaunar da ita a kujera, a bar ta ta yi abin da za ta iya da kanta ko da zai ɗauki lokaci. Mafi yawan sauƙin da ake samu yana zuwa ne a wata uku zuwa shida na farko, saboda haka ranakun fisiyo na wannan lokacin ba a wasa da su. Ki je wurin hedimasta da katin asibitin, ki nemi a sauya miki darasi da wata malamar a ranakun, ko ki tambayi sashen fisiyo ko suna da layin rana. Game da magana, ku riƙa yi mata gajerun tambayoyi masu amsar e ko a'a, ku ba ta lokaci, kada a yi mata tsawa, domin kunnenta lafiya lau. Hankalinta ma sau da yawa yana nan, tana jin duk abin da masu dubiya suke faɗa a kanta.

Tambaya: Ina da inshorar lafiya ta wurin aiki. Za ta ɗauki nauyin mahaifina? Mu bakwai ne 'ya'yansa, amma ni kaɗai ake kira idan an rubuta magani, har na fara taɓa jarin shagon matata.

Amsa: A tsarin ma'aikata na hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, wadda dokar 2022 ta kafa a madadin NHIS, waɗanda ake rufewa su ne ma'aikaci, da matarsa ko mijinta, da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Iyaye ba sa ciki sai an yi musu rajista daban an biya. Ka je ofishin NHIA na jiharku ka tambayi yadda ake ƙara mutum, ko shirin GIFSHIP da ɗaiɗaikun mutane ke shiga da kuɗinsu. Jihohi ma suna da nasu hukumomin, kamar KADCHMA a Kaduna da takwararta ta Kano. Ka sani cewa akwai lokacin jira kafin katin ya fara aiki, don haka ba zai biya kuɗin wannan kwanciyar ba, amma maganin hawan jini da ganin likita abu ne na shekaru, rajistar ba asara ba ce. Idan kuɗin asibiti ya fi ƙarfinku yanzu, manyan asibitocin koyarwa suna da sashen walwalar marasa lafiya. Ka nemi ganinsu tun kafin ranar sallama, da rasit ɗinka duka a hannu.

Batun 'yan'uwa kuwa, sau da yawa ba rowa ba ce, rashin lissafi ne. Wanda ba ya ganin rasit yana zaton abin bai kai haka ba. Ka zauna ka fitar da kuɗin wata guda a rubuce: magani, famfas, safar hannu, fisiyo, kuɗin mota zuwa asibiti, abinci, da ladan mai zama da shi. Ka kira taro, wanda yake nesa a sa shi a waya, babban wa ko wani kawu da ake jin nauyinsa ya jagoranta. A raba gwargwadon hali, a sa ranar biya ta dace da ranar albashi, a zuba a asusu guda, a riƙa tura hoton kowane rasit a zauren WhatsApp na gida. Wanda ba shi da kuɗi ya ɗauki kwana ko kai Baba asibiti, wannan ma kaso ne, a rubuta masa. Ka daina taɓa jarin shagon, domin amana ce, kuma idan ya karye kun rasa hanya ta biyu ta samun kuɗi. Idan bashi ya zama dole, ƙungiyar taimakon juna ta ma'aikata ko kwasar adashe da wuri sun fi manhajojin bashi na waya, waɗanda ruwansu yake ninkuwa cikin makonni. A kantin magani kuma ka tambayi mai harhaɗa magani ko akwai irin maganin da sunansa na asali, mai lambar NAFDAC, wanda ya fi araha.

Tambaya: Kakata ta samu sauƙi, jininta ya sauka, sai dangi suka ce a bar maganin asibiti a koma na gargajiya. Ni ina wurin aiki, ba na iya sa ido.

Amsa: Jinin ya sauka ne saboda maganin. Idan aka daina zai hau, kuma wanda ya taɓa samun wannan cuta ya fi kowa haɗarin sake samu. Addu'a da tofi ba sa karo da ƙwaya. Abin tsoro shi ne jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba, da dakatar da maganin likita. Ka sayi akwatin ƙwayoyi mai gidaje bakwai, ka cika shi da kanka duk ranar Lahadi, da ka dawo aiki kallo ɗaya zai nuna maka ko an sha. Ka sayi na'urar awon jini ta dantse, a auna safe da yamma bayan ta zauna minti biyar, a rubuta, a kai wa likita. Idan tana ƙin magani ka tambayi dalili: amlodipine yakan kumbura ƙafa, lisinopril yakan sa busasshen tari, kuma duka likita yana iya canza su. A guji ba ta diclofenac ko ibuprofen don ciwon jiki ba da izinin likita ba. Gishiri kada ya wuce giram 5 a yini, kusan ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙulen miya.

Ka koya wa duk wanda ke gidan alamu uku na sake dawowar cutar: baki ya karkace, hannu ko ƙafa ta saki, magana ta sarƙe. Ko ɗaya aka gani, a duba agogo, a tafi asibitin da ke da na'urar hoton ƙwaƙwalwa nan take, kada a jira ka taso daga aiki, kada a ɗura mata ruwa ko magani. Har asfirin ba a bayarwa sai an yi hoto, domin cutar iri biyu ce, ɗaya toshewar jijiya ce, ɗaya kuma fashewarta ce, asfirin yana ƙara zubar jinin. Ka ajiye lambar mai mota ko mai adaidaita na unguwa da kuɗin mota a wuri sananne.

Tambaya: Wata biyu ke nan ina kwana wurin mahaifiyata, da safe in wuce banki. Na fara kuskure a lissafi, ina yi wa yarana faɗa ba dalili, wani lokaci har ita ma in ɗaga mata murya, sai in zauna ina kuka. Ina tunanin ajiye aikin.

Amsa: 'Yar'uwa, abin da kika lissafa alamun rashin barci ne da gajiya, ba alamun rashin imani ko rashin son mahaifiya ba. Mai tashi duk awa biyu yana juya mara lafiya ba zai iya riƙe kuɗin mutane da safe ba, kuma idan kina tuƙi, ranki ma yana cikin haɗari. Kada ki rubuta takardar ajiye aiki a wannan halin. Albashinki ne yake sayen magani, kuma jinyar nan tana iya ɗaukar shekara ko fiye.

Ki fara da dare. Kada ki kwana a ɗakinta fiye da dare biyu a jere, kuma a sati ki samu akalla dare uku na barcin awa shida ba yankewa, a wani ɗaki, waya a hannun mai kwanan. Idan babu 'yar'uwar da za ta karɓe ki, ku ɗauki mace mai kwana, ku biya ta daga asusun jinya. Nas mai ritaya ko ma'aikaciyar lafiya ta unguwa za ta iya horar da ita cikin kwana biyu ko uku, kuma Hajiya za ta fi sakewa da mace wajen wanka da tsarki. Masu tambayar "me za mu yi?" ki ba su aiki takamaimai: wannan ta kawo abincin Talata, wancan ya karɓo magani, wata ta ɗauko yara daga Islamiyya. Masu dubiya kuma a sa musu lokaci, bayan la'asar zuwa magariba, a daina dafa musu abinci.

A wurin aiki ki nemi ganin sashen kula da ma'aikata kafin kuskuren ya zama gibin kuɗi. Ki je da buƙata mai iyaka: hutun shekararki yanzu, ko a ɗauke ki daga kanta zuwa wani tebur na wata uku, ko a mayar da ke reshen da ya fi kusa da gida. Ki duba takardar ɗaukarki aiki da littafin ƙa'idojin ma'aikata, domin wasu kamfanoni suna da hutun tausayawa ko da doka ba ta tilasta musu ba. Duk abin da aka amince, a rubuta shi ko da ta imel ne.

Ki auna naki jinin ma, tunda hawan jini yana bin gida. Idan kuka da rashin jin daɗin komai da rashin cin abinci suka wuce sati biyu ko bayan kin fara samun barci, ko kika fara jin gara ki mutu, ki ga likita a ranar, ki faɗa masa kamar yadda kika rubuto mana. Idan kuma ita Hajiya ce take yawan kuka ko ƙin abinci da motsa jiki, ki ambata a ganin likita na gaba, domin ciwon damuwa yana yawan biyo bayan shanyewar jiki, kuma yana da magani.